Tarakta da Ba Ta Noma: Gasar Jan Nauyi Tsakanin Wasa da Almubazzaranci

Gasar jan nauyi da tarakta wasa ne da ya tsiro a yankunan noma na tsakiyar Amurka, kuma tsarinsa ba shi da wuyar fahimta: ana ɗaura wa tarakta wata doguwar tirela mai nauyi da gajeriyar sarƙa, a sake ta a kan filin yumɓu da aka yayyafa wa ruwa aka daddaɓe, wanda tsawonsa a al'adar Amurka ƙafa 300 ne, wato kimanin mita 91, a Turai kuwa mita 100, sa'an nan a auna tazarar da ta ci kafin nauyin ya rinjaye ta. Ba a duba gudu, ba a kuma duba kyan ƙira. Wanda ya fi nisa shi ya ci. Abin da ya sa wasan ya cancanci nazari shi ne cewa manyan taraktocin da ke shiga cikinsa ba sa noma, kuma ba za su iya ba, domin masu su sun warware su sun sake ƙera su ta yadda ba su da wani aiki a duniya face jan kayan da babu mai bukatar a kai shi ko'ina, na tsawon daƙiƙoƙin da galibi ba su cika ashirin ba. Tambayar da ke tasowa ita ce ko daidai ne ɗan Adam ya zuba dukiya da basira da watannin rayuwarsa a kan ƙarfin da ba ya ciyar da kowa, ko kuwa wannan yana cikin abin da addini da hankali suka haɗu suka kira almubazzaranci.

Asalin wasan ya girmi tarakta. Tun a ƙarni na 19 manoman Amurka kan yi musu a kan wanda dawakinsa na huɗa suka fi ƙarfi, kuma sukan raba gardamar ne ta hanyar kwantar da ƙyauren ɗakin dabbobi a ƙasa, a ɗaura wa doki, mutane su riƙa hawa ɗaya bayan ɗaya yana tafiya har ya kasa. Da injin ya soma maye gurbin doki sai musun ya koma kan tarakta, aka fara gasa da ita wajen ƙarshen shekarun 1920, ta kuma bunƙasa a bukukuwan baje kolin amfanin gona a shekarun 1950 da 1960. Da yake kowane gari da dokokinsa, a 1969 wakilan jihohi takwas suka kafa ƙungiyar masu gasar ta ƙasa, wadda aka sani da NTPA, don a daidaita ƙa'idoji. Babban taron shekara na garin Bowling Green a jihar Ohio ana yinsa a watan Agusta tun 1967, na Louisville a jihar Kentucky kuma a cikin rufaffen zaure a watan Fabrairu tun 1969. Wasan ya ƙetara zuwa Holan a 1977, daga nan ya bazu zuwa Jamus da Faransa da Ingila da ƙasashen arewacin Turai.

Ba a fahimtar wasan sai an fahimci tirelar, domin ita ce abokiyar karawa ta gaskiya. Bayanta yana kan tayoyi, gabanta kuma yana kan wani faffaɗan farantin ƙarfe da ke jan ƙasa, a samanta kuwa akwai akwatin da aka cika da tubalan ƙarfe, yana zaune a kan layin dogo irin na jirgin ƙasa. A farkon fili akwatin yana can baya bisa tayoyin, don haka jan tirelar ba ya da wuya. Amma an haɗa shi da tayoyin ta hanyar giya, ta yadda duk takun da tarakta ta yi gaba sai akwatin ya matso gaba shi ma, nauyinsa yana barin tayoyi yana komawa kan farantin, farantin yana ƙara cizon ƙasa yana tara tudun yumɓu a gabansa. Ma'ana, ci gaban tarakta shi ne ke haifar da abin da zai tsayar da ita. Idan wata ta kai ƙarshen fili, wanda ake kira cikakken ja, kuma aka sami fiye da ɗaya da suka yi haka, sai a ƙara nauyi ko a sauya giyar akwatin ya riƙa matsowa da sauri, a sake karawa tsakaninsu har kowacce ta tsaya a wani wuri da za a iya aunawa. An ƙera tirelar ne da nufin kada kowa ya gagare ta har abada, kuma duk wanda ya ɗaura mata sarƙa ya san haka tun kafin ya tayar da injin.

A kan wannan tirela ne aka yi ta ƙera abubuwan da sunan tarakta kawai ya rage musu. A rukunin da ake barin mai ƙira ya yi yadda ya so, an ɗora injinan jiragen yaƙi na Yaƙin Duniya na Biyu, musamman injin Allison mai silinda 12, an ɗora injinan jirage masu saukar ungulu, an kuma jera injinan mota masu silinda takwas har guda huɗu ko biyar a kan firam ɗaya, aka haɗa ƙarfinsu ta akwatin giya guda, suna shan metanol, wani nau'in mai da ake so saboda yana sanyaya injin yayin da yake ƙonewa. Ƙarfin irin waɗannan ya kai dubban ƙarfin doki, alhali tarakta mai ƙarfin doki ɗari ta ishi gona matsakaiciya. A rukunin da ake riƙe siffar tarakta ta asali da man dizal kuwa, ana jera na'urar turbo, wato fankar da hayaƙin salansa ke juyawa don ta tura ƙarin iska cikin injin, biyu ko uku ko huɗu, kowacce tana ɗura wa ta gabanta, har sai an riƙa fesa ruwa a cikin iskar don kada zafi ya narkar da fistin. Irin wannan injin ba zai yi awa guda yana aiki ba tare da ya tarwatse ba.

Tuhumar da ake yi wa wannan aiki tana da ƙafa biyu, kuma babu wadda za a raina. Ta farko ta falsafa ce, tana komawa ga Aristotle, wanda ya lissafa dalilai huɗu na samuwar kowane abu, ya sanya manufar da aka yi abin dominta a cikinsu, ya kuma ɗauki nagartar kayan aiki a matsayin cika wannan manufa. A wannan mahanga nagartar tarakta ita ce huɗa, kuma wadda aka ƙara wa ƙarfi har ta kasa shiga gona an ɓata ta ne ko da ta fi dukkan 'yan uwanta ƙarfi. Ta biyu ta addini ce. Malaman Musulunci da dama sun bambanta israfi, wato wuce gona da iri a cikin abin da asalinsa halal ne, da tabziri, wato kashe dukiya inda bai kamata a kashe ta ba sam, kuma Suratul Isra'i, a aya ta 26 da ta 27, ta yi wa masu tabziri kakkausan zargi bayan ta ambaci haƙƙin dangi da miskini da matafiyi. Duk wanda ya san manomin da ke jiran layin hayar tarakta har damina ta yi nisa, zai ji nauyin wannan tuhuma idan aka ce masa a wani wuri ana ƙona injin a cikin daƙiƙa goma sha biyar don a ji tafi.

Masu kare wasan sukan ce yana haifar da fasahar da daga baya take amfanar manomi, kamar yadda ake faɗa game da tseren motoci. Wannan hujja ba ta da ƙarfi, kuma gara a ajiye ta. Abin da manomi ke nema ga tarakta shi ne ta yi dubban awoyi ba ta lalace ba, ta sha mai kaɗan, kada ta danne ƙasar gona, alhali mai gasa yana neman akasin duk waɗannan. Gaskiya ne akwai lokacin da manomi kan yi gasa ranar Lahadi da tarakta ɗin da zai yi huɗa da ita ranar Litinin, kuma har yau akwai rukunin irin waɗannan, amma manyan rukunai sun daɗe da rabuwa da gona. Idan wasan yana da hujja, sai an neme ta a wani wuri da ba amfanin noma ba.

Masanin tarihi ɗan Holan Johan Huizinga, a littafinsa Homo Ludens na 1938, ya nuna cewa wasa tsohon ginshiƙi ne na al'adar ɗan Adam, kuma ana gane shi da cewa ana shigarsa da son rai, yana da keɓaɓɓen wuri da lokaci, yana da dokokin da suka ɗaure kowa. Masanin falsafa Bernard Suits ya ƙara a 1978 cewa jigon kowane wasa shi ne mutum ya ɗora wa kansa cikas ɗin da ba dole ba don ya gwada tsallake shi. A wannan fahimta rashin kai kaya ko'ina ba aibi ba ne ga gasar, domin haka kowane wasa yake, kuma mai kokawa ma ba ya kayar da abokinsa don yana tare masa hanya. Fiƙihun Musulunci bai ƙi wannan ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shirya tseren dawaki a Madina, kuma ya raba su kashi biyu: waɗanda aka yi wa tadmiri, wato aka ƙosar da su sa'an nan aka rage musu abinci aka lulluɓe su har suka yi gumi suka tsuke don tsere, sun taso daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a yi wa ba kuma aka ba su tazara gajera, daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ. Wannan ya nuna cewa shirya abin hawa musamman don gasa, da raba masu gasa rukuni-rukuni gwargwadon shirinsu, abu ne sananne. Sai dai ƙiyasin bai cika ta kowace fuska ba, domin dokin tsere doki ne na yaƙi, kuma malamai sun danganta halascin sanya lada a tseren dawaki da raƙuma da harbin kibiya da wannan amfani. Risalar Ibn Abi Zaid ta kawo sharuɗɗan Imam Malik a kan wanda zai fitar da ladan don kada gasar ta zama caca, kuma a kan sanya lada a wasannin da ba waɗannan uku ba malamai sun yi saɓani. Abin da za a iya ɗauka da natsuwa shi ne cewa gwada ƙarfi da gwaninta a ƙarƙashin doka ba abin zargi ba ne a kan kansa, kuma rashin amfanin nan take bai isa ya mayar da shi tabziri ba.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne a tambayi mene ne tirelar ke aunawa. Tarihin tarakta a Amurka yana da alaƙa ta kusa da matsalar awo, domin a farkon ƙarni na 20 kamfanoni kan yi iƙirarin ƙarfin da injinansu ba su da shi, har wani manomi ɗan majalisar jihar Nebraska, Wilmot Crozier, wanda aka sayar wa tarakta marar kirki, ya jagoranci dokar 1919 da ta wajabta a gwada kowace irin tarakta a jami'ar jihar kafin a sayar da ita a can, aka kuma fara gwajin a 1920. Gasar jan nauyi 'yar uwar wannan ɗabi'a ce ta ƙin yarda da baki sai an ga awo. Mai kallo na iya zaton ƙarfin injin kaɗai ake aunawa, amma masu abin sun san ƙarfi ba ya da amfani sai ya shiga ƙasa. Kafin a kira shi, mai tarakta zai taka filin da ƙafa, ya damƙi yumɓun ya murza a hannu ya ji danshinsa, ya lura da inda waɗanda suka riga shi suka tono da inda ƙasar ta yi tauri, sa'an nan ya koma ya rage ko ya ƙara iskar taya, ya ɗauke tubalan nauyi daga gaba ya mayar baya ko akasin haka, ba tare da ya wuce nauyin da aka ƙayyade wa rukuninsa ba, ya zaɓi giyar da zai tashi da ita kuma da ita zai ƙare. Idan nauyin gaba ya yi yawa tayoyin baya za su yi ta juyawa a banza, idan ya yi kaɗan gaban zai ɗaga ya yi ta tsalle. Sa'ad da aka ɗaga masa koriyar tuta, mai injin dizal zai taka kuloci ya riƙa ƙara wuta sannu a hankali har turbo su kama, baƙin hayaƙi ya miƙe sama, sa'an nan ya saki ƙafarsa da lissafi. Daga nan tayoyin gaba sun bar ƙasa, sitiyari ya daina aiki, kuma da birkin taya ta hagu da ta dama zai riƙa daidaita tafiyar don kada ya taka layin gefe a soke jansa. Duk kuskuren da ya yi a gareji a watannin sanyi, a walda ko a lissafin mai da iska, zai bayyana a nan a gaban jama'a, da lambar da babu mai iya musunta.

Saboda haka abin da ake aunawa ilimi ne, irin wanda ke zaune a hannu da ido da kunne, kuma wannan ilimi yana cikin haɗari a ƙasar da aka haifi wasan. Yawan gonaki a Amurka ya kai kimanin miliyan 6.8 a 1935, yanzu kuwa yana wajen miliyan biyu, kuma tarakta ta zamani kwamfuta ke sarrafa ta, da manhajar da sau da yawa sai dillalin kamfani ke da ikon buɗewa, abin da ya haifar da gwagwarmayar neman haƙƙin gyara, har jihar Colorado ta yi doka a kansa game da injinan noma a 2023. A irin wannan zamani, uban da ya zauna da 'ya'yansa suka warware injin har ƙusa ta ƙarshe suka mayar da shi, suka ga ya tashi, ya riƙe wani abu na martabar mai sana'a wanda kasuwa ke ƙwacewa daga hannun manomi. Wannan ita ce hujjar wasan mafi ƙarfi, kuma tana amsa wa Aristotle da harshensa: manufar abin ta sauya, ya tashi daga kayan huɗa ya koma ma'aunin gwaninta, kuma da wannan manufa ya kamata a yi masa hukunci.

Akwai kuma fuskar tarbiyya a cikin tsarin tirelar. Bukhari ya ruwaito daga Anas cewa taguwar Manzon Allah mai suna Adba'u ba a taɓa tsere mata ba, sai wani Balaraben ƙauye ya zo a kan ɗan raƙuminsa ya wuce ta, abin ya yi wa sahabbai ciwo, shi kuwa ya karantar da su cewa sunnar Allah ce duk abin da ya ɗaukaka a duniya a sauke shi. Wasan da dokarsa ta tanadi ƙarin nauyi ga duk wanda ya kai ƙarshe yana koya wa masu yinsa wannan gaskiya da jikinsu, idan sun yarda su koya. Akwai kuma wata hanyar daban ta sanin iyaka: a jihar Ohio ɗin da ake taron Bowling Green, musamman a gundumar Holmes, akwai al'ummar Amish, Kiristocin da suka samo asali daga Jakob Ammann a 1693, waɗanda mafi yawan masu riƙon tsohuwar hanya daga cikinsu har yau da dawaki suke huɗa, wasunsu suna barin tarakta a bakin rumbu kawai don juya wasu injina, da tayoyin ƙarfe don kada ta zama motar yawo. Su sun sanya wa injin iyaka tun daga ƙofa, don gudun kada gona ta faɗaɗa maƙwabtaka ta watse, masu gasa kuwa sun sake shi sun je neman iyakarsa a fili. Hanyar Amish ta fi zurfi ta fuskar kare al'umma, domin ta shafi rayuwa gaba ɗaya, amma ɓangarorin biyu sun yi tarayya a sanin cewa ƙarfin injin abu ne da ake yi wa haddi.

Duk da haka tuhumar almubazzaranci ba ta faɗi gaba ɗaya ba, ta dai koma inda ya dace da ita. Ayoyin Suratul Isra'i sun haɗa hana tabziri da bayar da haƙƙi, kuma a nan ne ma'aunin yake: wanda ya ci bashi a kan gonar gado don ya sayi injin na biyar, ko ya tauye iyalinsa, ko ya hana ma'aikatansa ladansu, ya faɗa cikin abin da aka hana komai kyan ƙirarsa, alhali mai yalwar da ya sauke haƙƙoƙinsa yana da sarari a cikin halal. Haƙƙin rai ma yana ciki, domin faifan ƙarfen da ke juyawa a bayan injin idan ya fashe yana iya ratsa taron 'yan kallo, shi ya sa dokoki suka wajabta a lulluɓe shi da garkuwa, a kewaye direba da kejin ƙarfe, a sa sanduna a baya don kada tarakta ta kife, a kuma ɗaura igiyar da za ta kashe injin nan take idan sarƙa ta tsinke. Haƙƙin maƙwabta a kan ƙara da hayaƙi shi ma ba ƙaramin abu ba ne, kuma masu gasar ba su da cikakkiyar amsa gare shi face cewa taron na 'yan kwanaki ne a shekara.

Haɗarin da ya fi taɓa zuciyar wasan shi ne kuɗi. Ladan da ake ci a mafi yawan tarurruka ba ya biyan abin da aka kashe, kuma a manyan rukunai an kai ga sayen injin da firam da kuloci a shirye daga ƙwararrun masana'antu, ta yadda mai aljihu zai iya tsallake shekarun koyo ya zauna a kujera kawai. Idan haka ta faru tirelar tana nan tana awo da gaskiya, amma abin da take aunawa ya koma dukiya, kuma hujjar da aka kafa a kan ilimin hannu ta rushe, abin da ya rage shi ne alfahari da tara abin duniya, wanda Suratul Hadid ta jera tare da wasa da ado a siffar rayuwar da ke gushewa. Ƙungiyoyin gasar sun ga wannan, kuma amsarsu ita ce yawaita rukunai masu haddi: ana ƙayyade girman injin, da yawan turbo da faɗin bakinsa, da girman taya, da tsayin ƙugiyar da ake ɗaura sarƙa, ana auna nauyin kowace tarakta a sikeli kafin ta shiga fili, akwai kuma rukunin tsofaffin taraktoci da na ƙananan taraktocin yankan ciyawa, inda yaro ko mai ƙaramin ƙarfi zai iya farawa. Wannan amsa ba ta warware matsalar har abada, domin da zarar an ƙayyade faɗin bakin turbo sai masu kuɗi su koma kashewa a kan abin da ke cikinsa, shi ya sa ake sake zama a kan littafin dokoki kusan kowace shekara, kuma gardamar da ake yi a waɗannan zama, tsakanin masu son a saki rukuni da masu son a tsuke shi, gardama ce a kan ko wanda ya ƙera da hannunsa zai ci gaba da samun wuri kusa da wanda ya saya.